Jirgin safiyar Asabar a Sarasota: malamar ta ci kuɗinta, kamfanin yana da gyara

Akwai wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido a Sarasota, kudu da Tampa a jihar Fulorida, da ke fitar da mutane cikin ruwa safe da yamma. Hoton dolfin ne ya cika gaban takardar tallarsu, sai alkawarin tsuntsaye da faɗuwar rana. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, suka rubuta cewa fitar safiyar Asabar akwai masaniyar halittun teku a cikin jirgin. Wannan layi da suka tura ƙasa shi ne dalilin da zai sa in ce wa mutum ya ciro kuɗinsa ya biya. Dolfin kam, in ka yi haƙuri, ko daga kan gada kana ganinsa kyauta.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon ƙirji, kuma ɗana na fari yana da asma. Duk wanda ya zauna a wannan gaɓa da mai asma a gida ya san abin da mutanen nan ke kira red tide, wato jan ruwa. Wata ƙwayar gansakuka ce ta teku, wadda ido ba ya gani, take hayayyafa har ta cika ruwa. Tana ɗauke da dafi. Kifi ya mutu ya yi ta tasowa, iska kuma ta kwaso dafin ta kawo tudu. Da ka buɗe ƙofar mota a bakin teku sai ka ji maƙogwaro ya kama ƙaiƙayi, kamar ana soya barkono a kicin an rufe taga, kowa na tari babu mai mura. Ga mai lafiya abin yakan wuce da zarar ya bar wurin. Ga yaro irin nawa yana iya zama kwanaki ana fama da abin shaƙa. Shi ya sa na so in ji bayani daga bakin wadda aikinta ke nan.

Mun je ni da maigida da yara biyu da surukata Hajiya, wadda ta zo mana ziyara daga Katsina. Babba dala 55, yaro dala 35, tafiyar awa uku. Jirgin faffaɗa ne mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, da benci a gefe biyu, yana ɗaukar mutum ashirin da 'yan kai. Ba ya tangaɗi, don a cikin mashigin Sarasota ake yawo, bayan tsibiran Lido da Longboat, ba a fita tsakiyar teku. Hajiya da ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba ta zauna lafiya har muka dawo.

Malamar dattijuwa ce, rana ta ƙone mata hannuwa, ta shigo da akwatin sanyi cike da kwalabe da wata doguwar raga. Tun ba a kunce igiya ba ta tambaya ko akwai mai asma ko ciwon huhu a cikinmu. Na ɗaga hannun ɗana. Ta zo ta zauna kusa da shi, ta buɗe waya, ta nuna masa taswirar hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar, FWC, wadda ke nuna sakamakon ruwan da aka ɗebo cikin kwana takwas da suka wuce, kowane wuri da ɗigonsa mai launi. Ta ce a yankinmu yau babu komai, iska kuma daga gabas take, wato daga tudu zuwa teku, saboda haka ko akwai wani abu can waje ba mu za ta kawo wa ba. Da shi ta yi maganar, ba da ni ba, kuma na ji daɗin hakan, don shi ne zai rayu da ciwon.

A nan ta koya mana karatun lambobin, kuma ko wannan kaɗai aka ba ni na fanshe kuɗina. Ƙwayoyin ake ƙirgawa a cikin lita ɗaya ta ruwa. Daga sifili zuwa 1,000 ba komai ba ne, haka tekun yake kullum. Da an kai 5,000 hukuma takan rufe wuraren ɗibar kawa da sauran halittu masu ɓawo biyu. Daga 10,000 zuwa 100,000 akan yi tari, kifi ma ya fara mutuwa jefi-jefi. Da an haura 100,000 to a sa ran mushen kifi a gaɓa. Sai an wuce miliyan ɗaya ne launin ruwan ke sauyawa yadda ido zai gani, kuma ba lalle ya yi ja ba, yakan yi ruwan ƙasa ko kore-kore. Ta nanata wannan sau biyu: mutum zai iya tsayawa gaban ruwa garau, shuɗi mai kyau, alhali dafin da ke cikinsa ya isa ya kwantar da mai asma. Iyaye da yawa da nake gani a wurin aiki launin ruwa suke dubawa. Da sun san wannan da wasu yaran ba su kwana a gadon asibiti ba.

Da muka yi nisa kaɗan sai aka kashe inji. Ta ba 'yata wani faifai mai fari da baƙi ɗaure da igiya, ta ce ta yi ta sakinsa cikin ruwa har ya ɓace mata, sannan a auna tsawon igiyar, da haka ake sanin tsabtar ruwan. Ta ɗiga ruwa a kan wata 'yar na'ura mai kama da guntun bututu, muka leƙa ɗaya bayan ɗaya muka karanta yawan gishiri. Ta ce wannan ƙwaya ba ta son ruwan da gishirinsa ya yi ƙasa, shi ya sa ba ta shiga can cikin koguna. Sannan ta jefa ragar nan mai laushi, jirgin ya ja ta a hankali, aka ɗago da wata 'yar kwalba a gindinta. Ruwan ciki in ka kalla ba ka ganin komai sai ɗan duhu. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Abin da ke cikin ɗigon nan sai wanda ya gani. Wasu kamar sarƙa, wasu dogaye masu tsini, wasu masu ƙafafu suna zabura daga wannan gefe zuwa wancan. Hajiya ta leƙa, ta ɗago, ta sake leƙawa, ta ce, "Subhanallahi. Ke 'yar nan, duk wannan a ɗigo ɗaya?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, Hajiya." Malamar ta duba tsaf, ta ce wadda muke nema babu ita yau. Da ta nuna wata ta ce ga ta nan, babu wanda zai ƙaryata ta a cikinmu. Maimakon haka ta ciro wata kwalba daga akwatin, ruwan da aka ɗebo lokacin wata annoba da ta wuce aka adana da aidin, ta nuna mana ita a mace: 'yar faffaɗa, da tsaga a ƙasa da ɗan tudu a ka. Ta kuma nuna mana bidiyon mai rai a waya, tana juyi tana tafiya da wasu siraran gashi biyu. Jikinta ba shi da ɓawo, da igiyar ruwa ta doke ta sai ta fashe, dafin ya bi feshin ruwa ya shiga iska.

Sunanta Karenia brevis. An sa mata shi ne don girmama Karen Steidinger, wata masaniya da ta shafe shekaru masu yawa tana nazarinta a cibiyar binciken teku ta jihar da ke St. Petersburg. Dafin kuwa birebitoksin ake ce masa, jijiya yake kamawa. Ba a bakin gaɓa annobar ke farawa ba, can waje take tasowa, mil 10 zuwa 40 daga tudu, galibi a ƙarshen bazara ko da kaka, sai iska da tafiyar ruwa su turo ta.

Wani mutum da ke zaune a gaba, da alama tsohon mazaunin garin ne, ya ce shi dai ya gaji da jin ana ɗora wa mutane laifi. Ya ce kakansa ma ya ga jan ruwa, abu ne na halitta, 'yan siyasa ne kawai ke neman abin faɗa. Na zaci za ta kauce wa maganar don kada a ɓata wa mai biyan kuɗi. Ba ta kauce ba, kuma ba ta yi masa gatsali ba. Ta ce rabin maganarsa gaskiya ce: akwai rahoton mutuwar kifi a wannan gaɓa tun shekarun 1840, an kuma yi wata babba a 1946 zuwa 1947, lokacin da mutanen yankin ba su kai ko kusa da na yau ba. Mutum bai ƙirƙiro ta ba. Amma idan ta iso gaɓa, abin da ta tarar shi take ci, kuma abincinta naitirojin ne da fosforas, wato dai abin da ke cikin buhun takin zamani. Takin da ake zuba wa ciyawar ƙofar gida da filayen wasa, ruwan gonaki, masai da ke yoyo, bututun ƙazanta da ke fashewa bayan guguwa, duk teku suke gangarowa. Ta ambaci tafkin Okeechobee, wanda idan ya cika ake sakin ruwansa ta kogin Caloosahatchee ya fito wajen Fort Myers, da wani binciken masana Jami'ar Fulorida na 2022 da ya nuna naitirojin ɗin da ke biyo wannan hanya yana ƙara wa annobar ƙarfi. Ta ambaci Piney Point, tsohuwar masana'antar fosfet, inda a ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2021 aka saki galan miliyan 215 na gurɓataccen ruwa cikin mashigin Tampa don kada madatsar ta fashe. A bazarar 2021 ɗin aka yi ta kwashe mushen kifi da manyan motoci a St. Petersburg. Ta ƙara da cewa kifin da ya mutu ma idan ya ruɓe abinci ne gare ta, tana kashewa tana ci.

Na daɗe ina jin ɓangarorin nan biyu a rediyo da bakin abokan aiki, kowa ya riƙe rabinsa yana jifan ɗan'uwansa da shi. Ranar ce na ji wani ya haɗa su wuri ɗaya, ya faɗi inda iyakar kowanne take. Mutumin bai ce ya yarda ba, amma ya tambaye ta ranar da dokar taki ke farawa. A gundumar Sarasota an hana zuba taki mai naitirojin ko fosforas a ciyawar gida daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, lokacin ruwan sama.

Akwai wani ɓangare da ya taɓa mu mu kaɗai a jirgin. Ta ce wani kaso na abincin wannan ƙwaya daga Afirka yake farawa. Da bazara iska takan kwaso ƙurar Sahara ta ƙetare Atilantika da ita har Fulorida. Ƙurar na ɗauke da sinadarin ƙarfe, shi kuma yana raya wata halittar ruwa mai suna Trichodesmium, wadda ke iya jawo naitirojin daga iska ta zuba a teku, sai Karenia ta samu na ci. John Walsh da ita Karen Steidinger ne suka wallafa bayanin a 2001. Na fassara wa Hajiya. Ta ce, "To ashe hazon da muke kuka da shi har nan yake biyo ku." Na gaya wa malamar abin da ta ce, ta yi murmushi, ta ce hamada ɗaya ce, sai dai namu na hunturu ne, nasu na bazara, kuma ƙurar hanya ɗaya ce kawai cikin hanyoyi fiye da goma da ƙwayar ke samun abinci. Ban ga ta zuzuta abin don ta faranta mana ba.

Daga nan jirgin ya shiga lungunan itatuwan mangurof, masu saiwoyi a tsaye cikin ruwa. Kwasakwasa da zalɓe da balbela sun cika rassan. Bayanin nan ta yi shi da sauri, kuma ya isa: saiwoyin mafaka ce ga 'ya'yan kifi, kawar da ke manne da su tana tace ruwa. Inda ta tsaya ta daɗe shi ne kan ciyawar teku. Ruwan bai kai ƙirji ba, kana hango ta a ƙasa tana kaɗawa, da wasu dogayen tabo fari inda farfelar jirage ta yanke ta. Ciyawar nan ita ce abincin ayu, ɗan'uwan wanda ake samu a Binuwai da Neja. Idan jan ruwa ya wuce dafinsa yakan manne a jikin ganyen, ayu ya ci, jijiyoyinsa su ƙage, ya kasa ɗago hanci ya shaƙi iska, ya nutse. A 2013 fiye da 270 ne suka mutu ta wannan hanya a jihar. Ta ce wanda aka tarar da sauran numfashi, masu ceto sukan shiga ruwa su tallabe masa kai har a kai shi wurin jinya, kuma da yawa suna warkewa. Ni da nake tallabe kan mutane don su yi numfashi, wannan ya shige ni.

Ta kuma yi maganar annobar da ta fara a Oktoban 2017 ba ta lafa ba sai farkon 2019. A Agustan 2018 gwamnan lokacin, Rick Scott, ya ayyana dokar ta-ɓaci. An kwashe fiye da tan 2,000 na mushen halittun ruwa, kunkurun teku ɗaruruwa, dolfin fiye da 100, har wani ƙaton kifin shak mai ɗigo-ɗigo ruwa ya turo gaɓar Sanibel. Otal-otal da gidajen abinci suka zama wayam, masu aikin yini suka rasa na cefane. Ta ce dolfin ɗin da ba dafi ya kashe ba yunwa ta wahalar da su, don kifin da suke ci ya ƙare. Wannan an san shi ne saboda a Sarasota ake bin dolfin ɗaya bayan ɗaya tun 1970, aikin da Randall Wells ya daɗe yana jagoranta, ana gane kowanne da tsagar da ke fiffiken bayansa. Mun ga uwa da ɗanta wajen New Pass. Matuƙin ya rage gudu ya tsaya nesa, wasu suka roƙe shi ya matsa ya ƙi, ya ce yadi 50 ne ƙa'ida. Ya kyauta.

Maigida ya yi tambayar da ke cikin ran kowa: a ci kifi ko kar a ci? Ta ce na kanti da na gidan abinci ana sa musu ido, babu damuwa. Wanda ka kama da ransa da lafiyarsa, ka cire kayan ciki ka yar, ka ci tsokar. Jatan lande da ƙaguwa ma haka. Wanda ka tsinta a mace ko yana magagi kada ka taɓa, kada ka bar kare ya lasa. Kawa da danginta kuwa kada mutum ya ɗebo da kansa a wurin da aka rufe, don su tara dafin suke yi, kuma dafuwa ba ta kashe shi, sanyin firiza ma haka.

Kamfanin kuwa yana da gyara, kuma ba ɗan kaɗan ba. Lasifikar jirgin tana yankewa, idan inji na aiki waɗanda ke baya ba sa jin komai, dole malamar ta riƙa maimaitawa har muryarta ta dushe. Madubin ƙara girma guda ɗaya ne tal ga mutum ashirin, rabin lokacin tsayuwa a layi ya tafi, alhali ƙaramin allo da za a haɗa da shi kowa ya gani lokaci ɗaya ba wani kuɗi ba ne. Rumfar rabin jirgin ta rufe, wanda ya makara rana ce rabonsa, kuma babu wanda ya yi tunanin keɓe inuwa ga tsofaffi sai da maigida ya roƙi wani saurayi ya tashi wa Hajiya. Babban abin da ya ɓata mini rai shi ne ƙa'idar mayar da kuɗi. Na tambaya a ofis: idan ranar ta zo taswira ta nuna jan ruwa, ni kuma ina da yaro mai asma, za a mayar mini ko a ɗaga mini rana? Aka ce sai in su ne suka soke fitar. Kamfanin da ke sayar da darasi a kan haɗarin wannan dafi ga huhu bai kamata ya sa uwa ta zaɓa tsakanin kuɗinta da ƙirjin ɗanta ba. Binciken da Barbara Kirkpatrick da abokan aikinta suka yi a cibiyar binciken teku ta Mote, a wannan gari, ya nuna awa ɗaya a bakin teku lokacin annoba tana iya barin mai asma da wahala na kwanaki. Na rubuta musu wannan a takardar ra'ayi, kuma ina fata su gyara.

Wani ya tambaya ko akwai maganin da za a zuba a kashe ta gaba ɗaya. Ta ce a Koriya ta Kudu da Sin ana fesa laka a kan ruwa, ta manne wa ƙwayoyin ta nutsar da su, an kuma gwada a wata magudana a nan Sarasota. Jihar ta ware dala miliyan 18 a 2019 don irin wannan bincike na shekara shida, ita da Mote. Amma ta ce duk wannan na ƙananan wurare ne, magudana ko tashar jirage. Annobar da ta shimfiɗu mil ɗari babu mai fesa ta. Abin da ke hannun mutane shi ne rage abin da suke zubawa, da sanin ranar da za su nisanci gaɓa.

Ga wanda zai je, fitar safiyar Asabar zai nema, kuma ya buga waya ya tabbatar malamar tana nan, don wasu makonnin matuƙi ne kaɗai. Fitar yamma ta masu shaye-shaye ce, ba ta iyali ba. A isa da wuri don samun inuwa, a tafi da ruwan sha da hula, mai asma ya sa abin shaƙarsa a aljihu, ba a jakar da aka bari a mota ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara shida zai gaji kafin a kai rabi. Kada a biya tun mako guda kafin ranar: a bari sai ana gobe, a duba taswirar FWC, a duba rahoton yanayin gaɓa da Mote ke fitarwa, inda ake rubuta ko ana tari ko akwai mushen kifi a kowane bakin teku, sannan a duba inda iska ta dosa. Duka kyauta ne a intanet. Idan ɗigon yankin ya haura 10,000 kuma iska daga yamma take, mai asma ya haƙura da wannan makon.